Jan Zare a Kofin Dokta Hamdia

Duk gidan da Dokta Hamdia Zulkarnaini ta shiga a Maamobi ko Nima, unguwannin Zongo na Accra, ruwa take fara roƙa. Ba ta buɗe jaka, ba ta tambayar ina mara lafiya, sai ta zauna a benci ta ce ƙishirwa take ji. Matar gida za ta yi sauri ta kawo ruwan leda mai sanyi. Hamdia za ta karɓa ta yi godiya, ta ce haƙoranta ba sa son sanyi, a zubo mata na bokiti a kofi. Idan aka kawo kofin baƙi sai ta girgiza kai, ta nuna wani can daban, wanda aka kife shi kaɗai a taga ko aka rataye a ƙusa, mai jan zare a mariƙinsa.

"Wancan nake so," haka take cewa.

Kowa a Zongo ya san ma'anar jan zaren nan. Kofin mai farfaɗiya ne. Mun taso muna jin cewa cutar a miyau take, wanda ya sha a inda mai ita ya sha shi ma zai fara faɗuwa. Saboda haka ake ware musu kofi da kwano, kuma in sun faɗi a hanya sai a ja da baya a yi musu da'ira, kowa yana salati, babu mai miƙa hannu. Hamdia takan shanye ruwan nan a gaban mutanen gida har ta kife kofin, ta goge baki, sannan ta ce, "To, yanzu ina yaron namu?"

Allah ya jiƙan Hamdia. Mu da muka taso tare da ita a lungu ɗaya mun san inda wannan ɗabi'a ta samo tushe. Mahaifinta, Baba Zulkarnaini, kayan mota yake sayarwa a kasuwar Abossey Okai. Mahaifiyarta, Mma Habibatu, ɗinki take yi a ƙofar ɗaki, a wani babban gidan haya mai famfo ɗaya da iyalai masu yawa. Ƙanenta Issah bai daɗe da shiga makarantar allo ba ya faɗi a tsakar gida ana tsakiyar cin tuwo, ya sandare, kumfa na fita a bakinsa. An kai shi wajen malamai, an sha rubutu, an yi hayaƙi, faɗuwar ba ta tsaya ba. Ranar da maƙwabta suka fara janye 'ya'yansu daga kwanon da ake ci tare, Mma ta yanko jan zare daga keken ɗinkinta ta ɗaura a kofin Issah, ta ajiye masa kwanonsa a bakin ƙofa.

Hamdia yarinya ce a lokacin, amma abin ya tsaya mata a wuya. Sai ta riƙa ɗauke kofin Issah a ɓoye, ta laɓe bayan duron ruwa ta sha, sannan ta zauna tana jiran faɗuwa. Ta jira har azumi ya zo ya wuce, aka yi Sallah, ba ta faɗi ba. Bayan ta girma takan gaya wa ɗalibanta cewa wannan ne bincikenta na farko, kuma mutum ɗaya tak ta samu ya yarda a gwada a kansa, wato ita kanta.

Kanta yana ja ƙwarai. Ta ci jarrabawa ta shiga jami'a, daga nan aka ɗauki nauyinta ta tafi ƙasar Turawa ta karanci ƙwaƙwalwa da cututtukanta. Ba likitar allura ba ce, kodayake Dokta kowa yake ce mata. Mai bincike ce, aikinta gano abin da ke kawo cuta da abin da ke hana ta warkewa. An so ta zauna can, ta ƙi. Ta dawo Accra da wata na'ura a jaka, mai hula cike da ƙananan wayoyi, wadda in an ɗora wa mutum a ka take zana motsin ƙwaƙwalwarsa a allon kwamfuta kamar layukan ruwa. Ta kama aiki a jami'a, amma rabin makonta a lungunan Zongo yake ƙarewa. Maganar aure kuwa, an kawo goro gidansu har sau biyu, kuma duka biyun dangin mijin sun janye da suka ji labarin Issah. Ba ta sake sauraron kowa ba.

Shekaru kusan ashirin tana bin gidaje ita da ɗalibanta. Ta gano cewa yawancin yaranmu masu farfaɗiya sun same ta ne bayan zazzaɓin sauro mai zafi da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko doguwar naƙuda, ko faɗowa daga babur. Ta kuma gano abin da ya fi damunta: yaron da aka ware wa kofi shi ne ake ɓoyewa a ɗaki, shi ne ba a kaiwa asibiti karɓar magani a kan kari, shi ne yake ci gaba da faɗuwa. Gidan da aka yanke zare, magani yakan zauna, yaro ya koma makaranta. Ta rubuta wannan a manyan mujallun masana. Mu ba mu iya karanta su ba, Turancinsu ya fi ƙarfinmu, amma mun ga baƙi suna zuwa daga Tamale da Kano da Yamai, har da Nairobi, suna tsallake kwata da takalmansu masu kyau don su ga yadda take aiki. Aka ce a asibitocin waɗannan garuruwa yanzu, kafin a tambayi uwa sau nawa yaro ya faɗi, ana fara tambayarta da wane kofi yake sha. Ɗalibanta suna kiran wannan tambayar Hamdia.

Ita kam ba wannan ne abin alfaharinta ba. Abin alfaharinta Issah ne, wanda tun da ya zauna a kan magani ya daina faɗuwa, ya gaji rumfar Baba a Abossey Okai, ya zama mai surutu da tsokana. Sai kuma zaren da ake yankewa gida bayan gida. Mma ma da kanta ta yanke na Issah.

Cikin gidajen da ta fi ƙauna akwai na Suweiba, mai koko da ƙosai a bakin kasuwar Nima. 'Yar Suweiba ta fari, Basma, tana faɗuwa tun tana ƙarama, kuma uwar ta ɓoye ta shekara da shekaru don kada masu sayen koko su gudu. Hamdia ta sha ruwa a kofin Basma har ba a san adadi ba kafin Suweiba ta yarda ta kawo reza a yanke zaren. Aka sa yarinya a magani, faɗuwa ta ragu har ta kusa tsayawa, ta shiga makaranta, ta fara cin abinci kwano ɗaya da ƙannenta. In Hamdia ta bi ta wajen da safe, Suweiba takan ɗaga ludayi ta yi kira: "Dokta mai haƙoran tsofaffi, zo ki sha mai zafi, wannan ba zai dame ki ba."

Ciwon Hamdia ya fara da wari. Tana cikin aji sai ta ji warin ƙonanniyar roba, ta tambayi ɗalibai ko wani abu yana ƙonewa, suka ce babu. Sai kalmomi suka fara kuɓuce mata, ta buɗe baki za ta faɗi abin da ta sani tun tana yarinya, ya ɓace. Ta san abin da waɗannan alamu suke nufi fiye da kowa a ƙasar nan, amma ta ce gajiya ce, ta ci gaba da aiki.

Wata safiya tana jiran trotro, motar haya, a tashar Maamobi sai ta faɗi. Ta sandare, ta yi ta fizga a ƙasa, kumfa na zuba. Da ta farfaɗo, abin da ta fara gani ƙafafu ne kewaye da ita, nesa kaɗan, da wayoyi a sama ana ɗaukarta. Mayafinta yana cikin laka, babu wanda ya ɗauke shi. Kafin azahar hoton ya shiga kowace waya daga Nima har Sabon Zongo.

A asibiti aka ɗauki hoton kanta. Ita ta karɓi hoton daga hannun likita ta ɗaga shi ga haske, ta ga ƙari a ɓangaren hagu, wajen da magana take fitowa, irin mugun nan mai saurin girma. Aka aske mata kai aka yi aiki, aka cire abin da za a iya cirewa. Likitan ɗalibinta ne a dā, ya kasa kallon idonta. Ita ta ce masa, "Na sani. Watanni ne."

Ba mutuwar ce ta hana ta sukuni ba. Magana ce da ta tashi a Zongo tun tana gadon asibiti: kofi ya kama Dokta. A wajen suna ana faɗa, a wajen aure ana faɗa, a layin famfo ana faɗa. Ai an gaya mata ta ƙi ji. Ga ta nan da duk iliminta, ta sha ta sha har ya same ta.

Issah ne ya kawo mata labarin, a yadda ya saba, da dariya a gaba.

"Yaya, mai kayan ɗinkin nan na bakin gota, babbar kwatar nan, ya ce in gaishe ki da jiki. Ya ce kin yi masa kasuwa, jan zare ya ƙare masa kaf."

Ba ta yi dariya ba. Ta dube shi har shi ma tasa ta mutu.

"Gidaje nawa?"

"Ban ƙirga ba."

"Issah."

"Da yawa, Yaya. Har waɗanda kika fi zuwa."

Ta juya fuska ga bango. Ta san abin da zai biyo baya, domin ita ce ta rubuta shi a takardunta: in zare ya dawo, ɓoyo zai dawo, magani zai yanke, yara za su faɗa cikin wuta da gota kamar dā. Kuma jikinta ne ya zama hujjar. Duk kofin da ta shanye a gaban mutane don ta nuna babu komai, yanzu shi ake ƙirga mata.

Mu ƙawayenta mun yi abin da muka iya. Mukan je mu sha a kofinta a tsakar gida, a gaban kowa. Bai yi amfani ba. Aka ce mu ƙauna ce ta rufe mana ido, kuma mu jira, ai ita ma Dokta shekara ashirin ta yi kafin ya fito mata. Wannan maganar ma ta kai kunnen Hamdia. Duk rayuwarta hujja take nema ta ajiye a gaban mutane, yanzu ga maganar da sai an shekara ashirin za a iya ƙaryata ta, ita kuwa ba ta da ko shekara ɗaya.

Da aka sallame ta ba ta iya zama ita kaɗai, hannunta na dama ya yi nauyi, sai ta koma ɗakin Mma a gidan da aka haife ta. Baba ya daɗe da rasuwa. Gidan yana da tarin korayen kofunan roba iri ɗaya da matan gidan suka haɗu suka saya a kasuwar Makola don hidima, kowa yana ɗauka ya mayar. Wata safiya Hamdia ta miƙa hannun hagu za ta sha magani, sai yatsunta suka taɓa zare a mariƙin kofin da aka ajiye mata.

Mma tana zaune a bakin keke, ta ba ta baya.

"Mma."

"Na'am."

"Ke kika ɗaura?"

Keken ya tsaya. "Gidan haya muke, Hamdia. Famfo ɗaya ne. Maƙwabciyarmu matar Alhaji ta ce in ba a ware ba jikokinta ba za su ƙara ɗaukar kofi a gidan nan ba."

"Kin san ƙari ne. Na nuna miki."

"Na sani."

"To me ya sa?"

"Ke za ki sha maganinki ki kwanta. Ni ce zan fita in zauna da su." Mma ta goge ido da bakin zane, ba ta juyo ba. "Zare ne kawai, 'yata. Ba ya cizo."

Hamdia ta so ta ce yana cizo, ta so ta ce ya ci yarintar Issah duka, amma kalmomin suka tsaya a hanya, sai bakinta ya yi ta motsi babu sauti. Ta sha maganin a kofin.

Da ta ɗan samu ƙarfi ta sa Issah ya kai ta gidan Suweiba. Sun tarar da ita tana tace gasara. Suweiba ta gaishe ta da kyau, ta yi mata sannu, amma ba ta matso ba, kuma babu zancen haƙoran tsofaffi. Ta aiki yaro ya sayo ruwan leda ta ajiye a kan benci, ba ta miƙa a hannu ba. Basma tana cikin ɗaki da hantsi, lokacin da ya kamata tana makaranta. A ƙusa ga kofi da sabon zare.

"Maganinta fa?" in ji Hamdia.

"Ya ƙare. In na je layin asibiti mutane suna ganina, Dokta. Tun da abin nan ya faru cinikina ya faɗi. Suna cewa kin sha a gidana."

"Ba daga nan... ba daga Basma..." Ta nemi sauran maganar ta rasa.

"Ni ban ce daga nan ba ne," in ji Suweiba, idonta a kan rariya. "Amma ina da ƙanana biyu. In ke da kike Dokta ya same ki, ni wa ce ce?"

A hanyar komawa Hamdia ta tsaya ta jingina da bango a cikin lungu ta yi kuka, irin wanda ba ta yi ba ranar da ta ga hoton kanta.

Dabara ɗaya ta rage mata. Ta roƙi Magajiya, shugabar matan unguwa, ta tara mata su a farfajiyar makarantar Islamiyya ranar Lahadi bayan la'asar. Likita ya hana, ya ce taro da gajiya za su iya tayar da faɗuwa. Ta ce ta ji. Kwana da kwanaki tana maimaita abin da za ta faɗa, 'yan gajerun jimloli, tana yi tana sakewa kamar mai hadda, Issah yana riƙe mata in ta ɓace.

Mata sun zo, farfajiya ta cika, wasu don tausayi, wasu don su gani da idonsu. Suweiba tana can baya da goyo. Issah ya tsaya a bakin ƙofa saboda taron mata ne. Hamdia ta miƙe da sanda, ɗankwali ya rufe tabon aikin, ta yi sallama, ta fara da kyau. Ta ce ciwonta daban, na yaransu daban. Ta ce nata tsiro ne ya fito a cikin kai, kamar yadda yake fitowa a mama ko a ciki, kuma ba a shan sa a ruwa. Sannan ta zaro hoton kanta ta ɗaga shi ga rana don kowa ya gani, ta nuna farin dunƙulen da ke gefen hagu.

Mata suka ɗaga kai suna leƙe. Sai wata dattijuwa a sahun gaba, ba da mugunta ba, da muryar tausayi ma, ta ce, "Allah sarki. Ga shi nan kuwa, ya taru."

"Me ya taru, Hajiya?" in ji Magajiya.

"Abin da ta yi ta sha mana. Kaɗan kaɗan, gida gida. Ai dole ya samu wajen zama."

Gunaguni ya bi farfajiya, kawuna suna gyaɗawa. Hamdia ta ce a'a. Ta sake cewa a'a. Ta nemi jimlar da ta haddace, babu ita. Ta nemi ta biyu, babu. Tana tsaye da hoton a sama, kalmar a'a kaɗai ta rage mata, sai ta ji warin ƙonanniyar roba. Ta san abin da ke zuwa. Ta dubi matan nan da ta shiga gidajensu ɗaya bayan ɗaya, ta koya musu a juya mutum ta gefe, a sa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, kada a cusa cokali a baki. Sai ta faɗi.

Tabarmi suka yi ƙara, aka ja da baya, aka janye yara. Mu da muke kusa muka riƙe ta, Issah ya kutso ya juya ta ta gefe yana kiran a ba shi abin da zai tare mata kai daga siminti. Suweiba ta yi taku ɗaya, ta tsaya. Ta cire mayafinta ta dunƙule ta jefo daga inda take.

"Ku riƙe," ta ce. "Ba sai an dawo da shi ba."

Lokacin da Hamdia ta buɗe ido, farfajiyar ta kusa zama wayam.

Daga ranar ba ta ƙara fita ba, magana kuma ta tafi gaba ɗaya, sai ido. Ɗalibanta suna zuwa su zauna a bakin gado su gaya mata cewa an karɓi takardarsu ta ƙarshe, an gayyace su taro a ƙasar waje, za a sa wa wani ɗakin bincike sunanta. Takan saurara ta lumshe ido. Abin da hannunta na hagu yake nema kullum shi ne kofin. Takan jawo shi kan ƙirjinta ta yi ta tsinkar ƙullin zaren da farce, amma Mma tela ce, ƙullinta ba ya kwancewa da hannu ɗaya.

"Kawo in yanke miki shi, Yaya, kin ishe mu da ƙwaƙule-ƙwaƙule," in ji Issah wata rana, ya ɗauko almakashi.

Ta ture hannunsa. Ta ɗaga kofin ta miƙa wajen Mma, ta riƙe shi a haka. Mma ta dubi kofin, ta dubi ƙofa inda ake jin muryoyin matan gida a bakin famfo. Ta miƙe ta ce bari ta duba tukunya. Hamdia ta riƙe kofin a sama har hannun ya gaji ya sauka da kansa.

Ta rasu da safe, 'yan kwanaki bayan Babbar Sallah, ruwan sama yana sauka a kwanon rufi. Aka yi mata sutura aka kai ta kafin la'asar. Ta tafi tana ganin cewa duk abin da ta gina ya rushe a kanta, kuma wannan shi ne abin da har yau ba mu iya tunawa ba tare da zuciya ta yi nauyi ba.

Ranar sadakar uku gidan ya cika tun da sassafe. Maza suna waje a ƙarƙashin rumfa tare da malamai da mutanen jami'a, mata suna tsakar gida. Aka dama koko babbar tukunya, aka kawo masa. Matar Alhaji ta kawo shawara a ƙulla kokon a leda, kowa ya ɗauka, ya fi sauƙi. Mma ta ce a'a, a kofi za a sha.

Aka fito da korayen kofunan gidan a cikin babban baho. Mma ta shiga ɗaki ta fito da na Hamdia a hannu. Ta tsaya a tsakiyar mata, ta kai mariƙin bakinta ta datse zaren da haƙori kamar yadda take yi a bakin keke, ta jefa kofin cikin bahon, ta sa hannu biyu ta juya su har suka gauraye.

"Ni na haifi Issah," ta ce. Muryarta ba ta da ƙarfi, amma an ji ta. "Da hannun nan na goge masa baki tun yana yaro har ya yi gemu, da hannun nan nake cin tuwo, ban taɓa faɗuwa ba. Na san haka, amma na ɗaura wa 'yata zare don kada a yi magana. Ta roƙe ni in cire, na tafi duba tukunya." Ta nuna bahon. "Kofinta yana cikin waɗannan. Ni ma yanzu ban san wanne ba ne. Ga koko, sadakar Hamdia ce."

Ta ɗebi nata ta zauna tana sha.

An daɗe babu wanda ya motsa. Ranar an samu masu azumin nafila da yawa a Maamobi, wasu kuma suka tuna sun bar abu a wuta. Matar Alhaji ta shige ɗaki ta saki labule. Mu muka ɗauka muka sha, amma namu an riga an ce ba ya ƙirguwa.

Sai Suweiba ta taso daga bakin zaure. Ba mu ma san ta zo ba. Basma tana bayanta, ta rame, da sabon tabon ƙuna a hannu inda ta faɗa kan murhu bayan magani ya yanke. Suweiba ta tsaya a kan bahon tana kallon kofunan, hannunta ya je ya dawo. Sannan ta rufe ido ta ɗauki ɗaya, ta miƙa aka zuba mata. Ta sha. Ta ba Basma ta sha. Ta kwance goyonta, ta zaunar da ƙaramin a cinya, ta hura kokon, ta kai masa baki a daidai inda Basma ta sha.

"Ya yi tsami kaɗan, Mma," ta ce, hawaye yana zubo mata. "Da kun gaya mini, da ni na dama."

Bayan ita wasu mata kaɗan suka taso, ba su da yawa.

Har yau akwai jan zare a gidajen Maamobi da Nima, kuma har yau akwai masu cewa kofi ne ya kashe Dokta. Ɗalibanta suna ci gaba da bin lungu da hular wayoyi, kuma kowannensu in ya shiga gida ruwa yake fara roƙa. Basma ta koma kan magani, Issah ne yake raka uwarta layin asibiti yana ba ta labaran banza don kada ta kula da masu kallo. Kofin Hamdia yana nan cikin bahon gidan Mma, ana ɗauka ana mayarwa, babu wanda ya san shi. Allah ya haskaka kabarinta, ya sa ta huta.